Alaramma, Ajiye Sandar: Zancen Dusa Ne Ya Biyo Ta Kan Alade

Ina jiyo tsakinku tun daga nan. Ga Alaramma can ya ture mujallar da bakin sanda kamar ya ga kunama a shimfiɗa. Ga Hajiya ta tofar da yawu gefe tana cewa, "A'uzubillahi, duk abin rubutawa ya ƙare a duniya sai wannan?" To, ku kwantar da hankalinku, ba goron walima na kawo ba. Ban taɓa ci ba, ba ni da niyyar ci, kuma duk malaman da na durƙusa a gabansu babu wanda ya ce mini karanta sunan dabba yana karya alwala. Likitan da ya san dafin macizai ai ba da kububuwa yake kwana ba.

Mai cewa me ya haɗa mai jin Hausa da alade kuwa, ina ga bai taɓa wuce kwanar garinsu ba. Ka je Kafanchan ranar Alhamis, ka tsaya daga nesa a kasuwar aladu ta Katsit, wadda fatake ke zuwa tun daga kudu su yi lodi. Ka saurara ka ji da wane harshe ake cewa "albarka" da "na sallama". Haka abin yake a wajajen Numan da Zuru da ƙauyukan Filato. Masu kiwon nan maƙwabtanmu ne, da Hausa suke lissafin riba da faɗuwa, kuma suna karanta wannan shafi kamar yadda kake karantawa. Balle kai Alhaji mai dusa, da ka fi kowa ɗaga murya. Wanda ya zo ya kwashi buhu ashirin a shagonka jiya, ka tambaye shi wa zai ci? Kuɗin dai ka ƙirga sau biyu ka jefa aljihu.

Bari mu fara daga inda babu gardama, wato washegarin Babbar Sallah. An soya naman layya, an juye kitsen a tire, an kwana. Da safe sai ka tarar da shi ya zama kakide, fari tas, sai an sa wuƙa. In ka yi gangancin cin sa da sanyi, ya manne maka a ganɗa har azahar. Yanzu dubi miyar kaza da ta kwana a ɗaki ɗaya da tiren nan. Manta ya taso sama, rawaya, yana reto, da ɗan yatsa za ka motsa shi. Ragon da kazar a gida ɗaya suka tashi, wataƙila ma dusa ɗaya suka ci a kwano ɗaya. Me ya raba kitsensu?

Ciki ne ya raba su. Rago mai tuƙa ne, cikinsa ɗaki huɗu, kuma a tumbinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke tare duk man da ya shigo su sauya shi daga mai ruwa-ruwa zuwa mai daskarewa kafin jiki ya karɓa. Ka ba shi angurya, ka ba shi ƙuli-ƙuli, a ƙarshe dai kakide za ka samu. Alade ba shi da wannan shingen bincike. Cikinsa ɗaya, man da ya ci kusan yadda ya shiga haka zai je ya kwanta a ƙarƙashin fata. Kaza ma haka. Na ji wani yana cewa ai kaza tana da ƙundu. Ƙundu injin niƙa ne, ɗan'uwa, ba ya sauya halin mai. Akwai kuma na uku mai ciki ɗaya, mai ƙafa biyu, mai karanta mujalla, amma ba zan jera shi a wannan sahu ba, ina son mutuncina.

Mutanen da suka biya kuɗin wannan darasi da tsada su ne manoman Amurka, musamman na jihar Iowa, wadda ta fi kowace jiha masara, ta fi kowace aladu. Mutanenta ba su kai miliyan uku da rabi ba, aladunta sun haura miliyan 20. A 2005, zamanin George W. Bush, aka kafa dokar da ta tilasta a riƙa gauraya fetur da barasar da ake tatsa daga amfanin gona, aka faɗaɗa ta a 2007. Yau yawancin fetur ɗin da ake sha a can kashi 10 cikin 100 barasar masara ce, kuma abin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar can yake tafiya. Alaramma, na ga ka sake ɗaukar sanda. Haƙuri. Alade ga shi, barasa ga ta, duk a shafi ɗaya. Amma wannan karon mota ce mashayiyar.

Aikin kuwa duk matar da ta taɓa dafa burkutu za ta gane shi da ido a rufe. A niƙa masara, a dama, a dafa, a mai da sitacin sukari, a zuba yis ya cinye sukarin ya fitar da barasa. Buhu mai kilo 100 yakan ba da wajen lita 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin buhun ya tashi iska, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya rage a gindin tukunya. Wannan saura shi ake busarwa a sayar wa masu kiwo. Su suna kiransa DDGS a taƙaice, mu kira shi dusar barasa.

Ga inda lissafin yake da daɗi. Ƙwayar masara kusan kashi biyu cikin uku sitaci ce. Da yis ya kwashe sitacin, duk abin da ya rage sai ya ninku sau uku. Furotin da yake kashi 8 ko 9 a ƙwaya ya koma wajen 27 zuwa 30. Mai da bai wuce kashi 4 ba ya koma 10 zuwa 12. Ga shi da araha a daidai lokacin da masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabo. Wa zai ga banza ya ƙyale? Aka fara zuba kashi 10 a abincin aladu, aka koma 20, masu ƙarfin hali suka kai 30 har suka wuce. Aladu suka ci, suka girma, nauyi ya hau sikeli lafiya lau. Mai gona yana murmushi har kunne.

Sai mahauta suka fara ƙorafi. Ba irin mahautanmu na bakin kasuwa ba, manyan kamfanoni masu yanka dubbai a rana. Abin da ya fi kawo musu kuɗi har da shafin ciki, wanda tsoka da kitse suka jeru a cikinsa hawa-hawa. Shi ake gyarawa da gishiri da hayaƙi, a sanyaya, inji ya yanka shi fale-fale, su soya da ƙwai da safe, suna kiransa bekon. Injin nan yana son abu mai tauri. Sai ga shafin ciki yana zuwa laɓe-laɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Akwai gwajin da suke yi mai sauƙi: a rataya shi a kan sanda ta tsakiya, a auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu. Mai kyau yakan tsaya a baje kamar buzun da ya sha rana. Na dusar barasa sai ya naɗe, baki ya nemi baki. A inji kuwa ya riƙa yagewa, kitse yana rabuwa da tsoka, leda tana naso. Kuma irin wannan kitse ya fi saurin yin ɗoyi in ya daɗe a ajiye.

Yanzu ɗan boko zai gyara tabarau ya ce, "Malam, akwai kuskure. Ai da ma masara suke ci tun kaka da kakanni, me ya sa sai yanzu?" Madalla, yau ka yi tambayar da ta biya kuɗin makaranta. Alade in ya ci sitaci, da kansa yake ƙera kitsensa daga sitacin, kuma kitsen da ya ƙera da kansa mai tauri ne. In kuwa ka kawo masa mai a shirye, sai ya rage ƙira ya ajiye naka yadda ka ba shi. Wa ke son wahala? Man masara kuma fiye da rabinsa wani nau'i ne da ake kira linoliyik, wanda ba ya daskarewa ko a sanyin da ruwa ke zama ƙanƙara. To an cire sitacin da yake ƙera mai tauri da shi, an ninka masa mai ruwa sau uku. Masara ɗaya ce, amma ƙwayarta daban, dusarta daban.

Har ma'auni suka yi wa abin, kuma da aidin, wannan dai da ake ɗiga maka a miki kana ihu. Ana duba giram nawa na aidin giram 100 na kitse zai shanye. Mai ruwa-ruwa ya fi sha. Kakiden rago yana wajen 40, man masara ya wuce 100 nesa ba kusa ba. Mutanen Denmark, waɗanda suka daɗe suna ciyar da Ingila bekon, sun kafa iyakarsu a 70. A Amurka an fi ambaton 74. Ruwa ba ya tsami banza: duk lokacin da aka ƙara dusar barasa a kwano, lambar nan sai ta hau.

Abin da ya ba ni mamaki, ita tsokar ba ruwanta. Gwaje-gwajen da aka yi ta yi a jami'o'in yankin masara na Amurka, musamman Jami'ar Minnesota, sun nuna launin jan nama da taushinsa da ɗanɗanonsa ba su cika canzawa ba. Kitse ne ya tona asiri. Sai kuma wani ƙaramin cin amana: yawan ɓawo a abinci yana sa hanji ya ƙara girma da nauyi, don haka dabbar da ta yi kyau a sikeli tana raye, in an feɗe an cire kayan ciki sai a ga nama ya ɗan gaza. Wanda ake biyan sa da nauyin abin da ya rage bayan fiɗa ya san zafin wannan.

Ni ma na taɓa ganin abin da idona, ba a Iowa ba. Akwai wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, yana kiwo a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Na je gaishe shi ana sanyi, na tarar an yanka biyu tun asuba, ɗaya nasa, ɗaya na maƙwabcinsa. Na ja na tsaya bakin darni, hannu a baya kamar sufeton tsafta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, matso mana, ba ya cizo, ya riga ya mutu." Na ce daga nan ma ina gani. Ya danna babban yatsa a kitsen bayan nasa, fari, wurin bai ko lotsa ba. Ya danna na maƙwabcin, yatsan ya nutse, ya ɗago yana ƙyalli. Ya ce, "Wancan dusa zalla da dusar burkutu ya ci har ya mutu. Nawa watan ƙarshe tsaba nake ba shi, da rogo." Bai taɓa jin labarin lambar aidin ba, amma abin da masanan can suka ƙare a kai ke nan: a rage dusar ko a janye ta makonni uku zuwa huɗu kafin yanka, kitsen ya ɗan farfaɗo. Ba duka taurin yake dawowa ba, amma laushin yana raguwa.

A nan dole in ba mai gardama nasa. Baba mai kiwo zai ce, "Ɗana, wa ya ce maka muna da injin yanka fale-fale? An yanka da safe, kafin la'asar an gasa an cinye da yaji. Kitse ya yi tauri ko ya yi ruwa, wuta ce za ta raba gardama." Gaskiyarka, Baba, na sara maka. Wanda kasuwarsa ta tsaya a bakin tukuba bai kamata taushin kitse ya hana shi barci ba. Sai ranar da ka fara neman cinikin otal da manyan kantunan Abuja da Legas masu ajiye nama a firji, ran nan za ka tuna da ni. Likita ma na gan shi yana ɗaga hannu, wai ai mai ruwa-ruwa ya fi alheri ga zuciya. To ka ji. Mahauci na kuka, likita na tafi, a kan yanki ɗaya. Ku sasanta kanku, ni ba ci zan yi ba.

Kada kuma Kanawa su yi ta dariya suna cewa sharrin masara ne, abincin Zage-zagi. Gyaɗarku ta riga masara aikata wannan laifi. Tun shekarun 1920 hukumar noma ta Amurka take binciken abin da suka kira nama mai laushi, saboda aladun kudancin ƙasar da ake saki a gonakin gyaɗa bayan an cire, su yi kala. Abin dariyar, a garin Smithfield na jihar Virginia laifin ne ya zama abin alfahari. A 1926 aka yi doka cewa cinyar da za a sayar da sunan garin sai ta dabbar da ta ci gyaɗa, ba a cire sharaɗin ba sai 1966. A Sifaniya ma cinyar da ta fi kowace tsada ita ce ta baƙaƙen aladun da ake saki a daji daga kaka zuwa ƙarshen hunturu suna cin 'ya'yan wani itace, waɗanda ake kira belota, har kitsen ya riƙa narkewa a hannu. Abin da mai inji ya kira aibi, shi mai shanya cinya ke ƙara wa kuɗi. Mai saye ne alƙali.

Su kuwa masu masana'antar barasa, da suka ga ana ƙorafin mai ya yi yawa a dusa, ba su ɓata rai ba. Suka sayo injin tace mai, kafin tsakiyar shekarun 2010 yawancinsu suna cire wani kaso suna sayarwa daban, ga masu haɗa man dizal da masu abincin kaji. Dusar ta koma mai kashi 5 zuwa 9. Kitse ya ɗan yi dama, ƙarfin abincin ya ɗan ragu, su kuma suka sami kaya biyu daga buhu ɗaya. Ko ɗan kasuwar Dawanau ya ji wannan sai ya cire hula. Wani abin lura kuma shi ne launin dusar. Mai kyau ruwan zinare ce. Wadda ta sha wuta wajen busarwa takan yi duhu kamar ƙanzo, kuma zafin yana lalata laisin, sinadarin gina tsoka da masara da ma ba ta wadata da shi ba. Takarda ta ce furotin ya kai, dabba ta ce ban gani ba.

To Hajiya, ke da kika tofar da yawu, dawo ki zauna, an zo gidanki. Dusar da kike rigima da mai inji a kanta duk ranar surfe ba dusar barasa ba ce, amma 'yar'uwarta ce. Surfe yana kwashe ɓawo da ɗan idon nan na gindin ƙwaya inda tsiro ke fitowa, kuma a idon nan yawancin man masara yake. Shi ya sa dusa ta fi tsaba maiƙo, shi ya sa in ta daɗe a buhu lokacin zafi take yin wari. Kajin da kike watsa wa ita cikinsu ɗaya, kamar wancan da ba kya son a ambata. Ko launin gwaiduwa daga kwano yake: masara rawaya ta ba ki gwaiduwa jajir, fara ta ba ki fatau.

Kitse mai laushi dai bai taɓa kashe kowa nan take ba. Abin da ke kisa shi ne funfuna. Masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba tana tsirar da funfuna mai fitar da guba, kuma gubar nan wuta ba ta cika kashe ta ba, yis ma ba ya cinye ta. Lissafin ninki ukun nan da ya faranta wa Ba'amurke rai a kan furotin, haka yake aiki a kan guba: abin da ke cikin buhu uku ya taru a buhu ɗaya. Surfe ma haka. Yawancin gubar a ɓawo da ido take zama, don haka matan da ke dagewa sai an surfa an wanke kafin a niƙa sun rage ta a tuwon gida, Allah ya saka musu, amma ba ɓacewa ta yi ba, dusa ta koma. Alade yana daga dabbobin da suka fi saurin nuna alama. Wata gubar ta sa ya ƙi abinci ko ya yi amai, wata ta lalata wa mace haihuwa.

Wadda ta fi addabar ƙasashe masu zafi irin namu ita ce afalatoksin, mai cin hanta. An gano ta ne bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, daga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Kuma a nan tumbin nan mai ɗaki huɗu da na yaba ɗazu ba ya tare komai da komai: saniyar da ta ci dusa mai wannan guba tana fitar da wani kaso a nono. Alaramma, furar da kake sha bayan azahar fa? Na ga ka ajiye sandar da kanka. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don funfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri, amma ba zai shanya maka masara ba, kuma ba zai ɗaga maka buhu daga kan siminti mai raɓa ba.

Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, ko da ɗan'uwan Bature ne, dabbar kuma ba taka ba. Gobe in ka je sayen dusa, ko ta kaji ce, ko ta saniyar tatsa, ko ta waccan dabbar, kada ka tsaya a bakin buhu inda aka yi wa ido ado. Naɗe hannun riga ka zura hannu har gwiwa. In ka ji ɗumi a ciki, ko ta dunƙule, ko hancinka ya ji warin ruma, bar wa Alhaji kayansa ko nawa ya rage maka. Masu wasiƙar zagi kuma ku aiko ta hannun edita, amma ku fara kwana da kitsen rago da na kaza a faranti ɗaya, ku rubuto mini abin da kuka tarar da safe.